Ɗakin gwajin da ya tambaye ni atisaye kafin ya ɗebi jini

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yaran ƙwallo a unguwarmu ta Mabera. In ban da gwajin maleriya da taifot, ban taɓa kai ɗan wasa ɗakin gwajin jini ba sai bayan ƙaramar sallar 2024. Dalilin zuwan nawa ba mai daɗi ba ne, amma wurin da na je ya isa a yi magana a kansa, da alherinsa da gazawarsa. Ba zan kama sunansa ba, tunda akwai ƙorafi cikin abin da zan faɗa. Ƙaramin wuri ne mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato, shago biyu aka fasa aka haɗe, tafiyar kamar minti goma a kabu-kabu daga gidana. Daga wancan lokaci zuwa yau na je sau da dama, na kai yara goma sha takwas, don haka ba ganin rana ɗaya nake ba da labari ba.

An yi salla ranar Laraba, 10 ga Afrilu. Duk tsawon azumi ba mu yi wani atisayen kirki ba, sai ɗan taɓa ƙwallo bayan tarawihi. Kwana biyu da salla aka kawo mana jadawalin gasar unguwanni, wasanmu na farko saura mako guda. Na ga yaran sun yi nauyi, sai na ƙudurta zan maido da abin da wata guda ya cinye a yini ɗaya. Ranar Asabar da la'asar sakaliya, a zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, na sa su tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan har sau shida. Na sa kowa ya goyi abokinsa a wuya yana durƙusawa yana miƙewa. Daga nan muka koma gangaren wani tsohon ramin ƙasa da ke bayan filin, a sauka da gudu, a hau da tafiya, a sake sauka. Laifina ne, ba na kowa ba, kuma har yau yana damuna.

Akwai wani ɗan bayana mai shekara 19, irin yaran nan da ba su taɓa cewa sun gaji. Ranar Litinin da sassafe mahaifiyarsa ta aiko ƙanensa gidana. Na tarar da shi a zaune ya yi sallar asuba, domin gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kamar icce. Ya ja ni gefe cikin jin kunya ya nuna mini fitsarinsa a cikin gorar ruwa, launinsa sak ruwan bunu. Ya ce tun daren Asabar yake shan maganin ciwon jiki da ya saya a kemis, diclofenac, safe da dare. Mahaifiyar ta ce shawara ce, har an fara neman saiwa. Ni kuma zuciyata ta tafi ga maleriya mai tsanani, tunda na san ita ma takan baƙanta fitsari. Na ɗora shi a kabu-kabu muka nufi wurin da ya fi kusa da na san yana buɗewa da wuri.

A bakin kanta wani matashi ne ke karɓar kuɗi yana rubuta suna. Na ce masa maleriya da taifot da gwajin hanta. Har ya fara lissafi, sai wata mata mai kimanin shekara hamsin ta leƙo daga ciki, farar riga a kan hijabinta. Ita ce ma'aikaciyar gwajin, kowa Hajiya yake ce mata. Ta tsaya tana kallon yadda yaron ke jan ƙafa yana dafa bango.

Ta ce, “Malam, wanga yaro aikin mi yay yi kwana biyun ga?”

Na ce ɗan ƙwallo ne, atisaye muka yi.

“Wane iri? Yaushe? Da rana ko da dare? Mi yash sha?”

Na zayyana mata komai. Ba ta ce mini uffan a kan tsallen kwaɗon ba, sai ta juya ga matashin ta ce ya dakata da lissafin, fitsari za a fara dubawa. Wannan tambaya tata ita ce babban dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Da wani wuri ne, da an yi mini abin da na biya, a miƙo mini takarda, in koma gida da maganin maleriya.

Ta tsoma wani siririn tsinke mai ɗigo-ɗigon launi a cikin fitsarin. Gurbin da ke nuna jini ya rine nan take. Sai ta zuba fitsarin a kwalba ta sa a na'urar da ke juyawa, ta ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, ta duba a madubin hangen ƙwayoyi. Ta kira ni ta ce in sa idona. Ban san abin da nake nema ba, sai ta bayyana mini: tsinke ya ce akwai jini da yawa, madubi kuma ya ce babu jajayen ƙwayoyin jini sai ɗaiɗaiku. In an ga haka, to abin da ya rina fitsarin ba jinin da ya zubo daga mafitsara ba ne. Ko dai ƙwayoyin jini ne suka farfashe a cikin jiki, ko kuma wani jan sinadari ne da ke cikin tsoka, mayogulobin, wanda aikinsa riƙe iskar da tsoka ke amfani da ita. Shi ne ke sa naman sa ya yi ja. Ba shi da hurumin fitowa cikin jini sai in tsoka ta fashe. Da ta haɗa da cinyoyin da ta gani da labarin da na ba ta, ta ce tsoka take zargi.

Daga nan ta ɗebi jini da hannunta. Gwajin da ta fi matsa wa shi ne na wani sinadari da suke kira CK, wanda shi ma mazauninsa cikin tsoka ne. Na'urarsu ta kasa karanta shi a karon farko saboda yawansa, sai da ta sirka jinin ta sake sakawa, ta ninka lissafin. A takardarsu an rubuta cewa na namiji lafiyayye ba ya wuce wajen 200. Na yaron nan ya haura 21,000. Gwajin ƙoda, wato yuriya da kiriyatinin, ya ɗan ɗaga. Fotasiyam, wani gishirin jini, yana bakin iyaka. Maleriya babu.

Ba ta jira a buga takarda ba. Ta rubuta sakamakon da biro ta sa hannu, ta ce, “Malam, ni ba likita ce ba, amma wagga magana ba ta gida ba ce. Ku tahi asibiti yanzu, sashen gaggawa, ka miƙa wa likita takardar ga. Kada shi ƙara shan maganin ciwon jiki ko ƙwara ɗaya.” Kuɗin da ke aljihuna bai kai ba, ta ce in tafi, in kawo ciko daga baya. Daga shigarmu zuwa fitarmu bai cika awa biyu ba.

A asibitin koyarwa aka kwantar da shi kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa leda bayan leda, ana auna yawan fitsarin da yake yi. Likitan da ya karɓe mu ya karanta rubutun Hajiya, ya sa aka maimaita gwajin, ya fito kusan daidai da nata. Sunan ciwon rabdomayolisis, narkewar tsoka. Allah Ya taimake mu ƙodar ba ta tsaya ba, ba a kai ga wankin ƙoda ba.

A kwanakin jinyar nan ne na fahimci abin da na aikata, daga bakin likitan da kuma abin da na zauna na karanta. Tsoka tana aiki iri biyu. Akwai lokacin da take ja tana gajarcewa, kamar mai jawo guga daga rijiya. Akwai kuma lokacin da take riƙe nauyi alhali ana miƙe ta, kamar mai sauke guga cike da ruwa a hankali kada ya suɓuce. Na biyun nan shi ya fi yaga zaren tsoka. Saukowa gangare da gudu, dirar tsallen kwaɗo, durƙusawa da mutum a wuya, duk irinsa ne, kuma na haɗa su uku a yini ɗaya ga yaran da suka yi wata guda suna hutu. In zaren ya yage, fatar da ke lulluɓe da shi takan yi yoyo, abin da ke ciki ya kwararo cikin jini: CK, mayogulobin, fotasiyam da sauransu. Ɗan kaɗan daga wannan yana faruwa ga kowane ɗan wasa bayan wasa mai zafi, jiki ya gyara, tsokar ta dawo da ƙarfi fiye da da. Matsala tana zuwa in ɓarnar ta yi yawa. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan guda, mayogulobin kuma yana toshe siraran bututunsu yana ƙona su, musamman in jiki ya bushe babu ruwan da zai wanke shi. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga shi kuma su ne abu na farko da yaranmu ke nema a kemis in jiki ya yi ciwo. Likitoci sun fara gane wannan alaƙa ta tsoka da ƙoda sosai ne a 1941 a Landan, lokacin da Bywaters da Beall suka yi bayanin mutanen da gini ya danne a ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu, a ciro su da rai, bayan 'yan kwanaki ƙoda ta kashe su. Da na karanta haka jikina ya yi sanyi, ganin cewa da usur da baki na jawo wa ɗan mutane irin abin da faɗuwar gini ke jawowa.

Akwai kuma wani kuskure da na daɗe ina koya wa yara. In jiki ya yi tsami washegarin atisaye, nakan ce musu wani sinadari mai tsami ne, laktet, ya taru a tsoka, maganinsa a sake gudu a kore shi. Haka aka koya mana. Ashe laktet yana komawa daidai cikin kamar awa guda da gama gudu. Tsamin da ke zuwa washegari, ya fi tsanani a rana ta biyu, na yagewar zaren ne da kumburin da ke biyo bayan gyara. Shi ma CK ba nan take yake kai ƙololuwa ba, sai bayan awa 24 zuwa 72, daga nan ya riƙa sauka a hankali. Wato ranar Litinin da na kai yaron, daidai lokacin da abin ya kai gaɓarsa ne.

Da na koma biyan cikon kuɗi, na tambayi Hajiya ko za ta duba mini sauran yaran gaba ɗaya. Ba ta yi saurin karɓar ciniki ba. Ta ce in jini za a auna don a san yadda ɗan wasa yake, to a fara auna shi yana cikin hutu, in ba haka ba takardar ruɗa mu za ta yi. Ta gindaya sharuɗɗa: kwana uku aƙalla babu atisaye mai nauyi, a zo da safe, kowa ya sha ruwa yadda ya saba, kuma kowa ya faɗi gaskiyar duk wani magani da yake sha, har da wanda ba ya so koci ya sani. Ta ce wannan ita kaɗai za a gaya wa, kuma ta cika alkawari, har yau ban ji komai daga bakinta ba. Muka haɗa kuɗi, wani ɗan kasuwa a unguwarmu ya cika mana, na riƙa kai su shida shida.

Nan na ga amfanin mutum ya san aikinsa. Yara bakwai cikin goma sha takwas CK ɗinsu ya wuce 200 alhali kwana uku suna kwance a gida. Ɗaya 340, wani har 460. Na'ura ta buga musu alamar tauraro a gefe, alamar an wuce iyaka. Hankalina ya tashi, na ce ko mun sake yin ɓarna. Ta ce a'a. Mai tsoka da yawa ya fi marar tsoka CK, ɗan wasa ya fi mai zaman ofis, namiji ya fi mace, sannan an daɗe da sanin cewa baƙar fata sun fi Turawa yawansa ko da lafiyarsu ƙalau. Iyakar da ke rubuce a takardar kuwa daga kamfanin da ya haɗa sinadarin gwajin ta zo. Shawararta ita ce kowane yaro a riƙe lambarsa ta hutu, nan gaba da ita za a gwada shi, ba da lambar takarda ba. Na sayi littafi mai bango mai kauri na rubuta na kowa.

Bayan wani wasa mai zafi da muka buga, na mayar da shida daga cikinsu bayan kwana biyu, don in gani da idona. CK ɗinsu ya tashi tsakanin 600 da 1,400. Babu mai baƙin fitsari, babu mai kumburi, ƙodar kowa lafiya, sai tsamin jiki na yau da kullum. Likitoci sukan fara zargin narkewar tsoka in CK ya ninka iyaka sau biyar, wajen 1,000 ke nan, haɗarin ƙoda kuma ya fi bayyana daga 5,000 zuwa sama. Amma ga ɗan wasan da ya buga minti 90 shekaranjiya, dubu ɗaya da 'yan kai ba abin tashin hankali ba ne in babu sauran alamun. Lamba ɗaya, ma'ana biyu, gwargwadon abin da mutum ya yi kafin ya zo.

Wani abin da ya faru a wannan zagaye ya ƙara mata daraja a idona. Cikin yaran shida akwai mai tsaron tsakiya da AST da ALT ɗinsa suka ɗaga, waɗannan biyun da kowa ke kira gwajin hanta. Mahaifinsa ya ga takardar, ya kai wa wani da ya ce masa ciwon hanta ne, a hana yaron ƙwallo da nama da mai. Dattijon ya zo har fili ransa a ɓace. Na ce, “Baba, mu tahi tare a yi muna bayani.” Hajiya ta ba shi kujera, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce masa sinadaran nan biyu ba a hanta kaɗai suke ba, tsoka ma tana da su, AST ya fi yawa, don haka in tsoka ta yi yoyo su ma sai su hau. Amma ba ta tsaya a nan ta sallame shi da baki ba. Ta ce ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, bai kamata a ɗora wa ƙwallo komai ba tare da an duba ba. Ta yi gwajin ƙwayar cutar, ta ƙara da GGT, wani gwajin hanta, wanda atisaye ba ya tayar da shi kamar sauran. Duka biyun lafiya. Bayan kwana goma na hutu aka maimaita, AST da ALT sun koma mazauninsu. Haka ta gargaɗe ni a kan fararen ƙwayoyin jini, cewa suna ƙaruwa na 'yan awoyi bayan gudu mai tsanani, kada wani ya gani ya rubuta wa yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta alhali ba abin da ke damunsa.

Gwajin jinotayif ita ta ba da shawarar a haɗa da shi. Biyar cikin goma sha takwas AS ne, har da ɗan bayan nan nawa, kuma uku daga cikinsu ba su taɓa sani ba. Ba abin mamaki ba ne, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake. Mai AS ba mai sikila ba ne, yana rayuwarsa yana wasansa. Sai dai in aka haɗa gudu marar hutu da zafi da ƙishirwa, haɗarinsa ya fi na mai AA. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran fuskantar narkewar tsoka da kashi 54 cikin ɗari, amma ba su fi su yawan mutuwa ba, a rundunar da ke kula da shan ruwa da hutu lokacin horo. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka kuwa tun 2010 ta fara neman a san matsayin 'yan wasan babban rukuninta a kan wannan. Ban cire ko ɗaya daga yaran biyar ba, kuma ba zan cire ba. Abin da na yi shi ne na gaya wa ƙungiyar duka cewa duk wanda ya ji ƙafarsa ta mutu ko numfashi ya ƙi, ya tsaya, babu mai kiransa rago.

To, ga inda wurin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce.

A zuwana na biyar Hajiya ba ta nan, ta tafi ta'aziyya Gwadabawa. Wani saurayi ne ya ɗebi jinin golanmu. Ya ɗaure masa dantse da roba ya bar ta ta daɗe yana neman jijiya, yana ce masa ya yi ta dunƙule hannu yana buɗewa. Da ya samu, ya tura jinin cikin kwalba da ƙarfi ta bakin allurar, ya ajiye a kan tebur kusa da taga. Da yamma aka turo mini sakamako: fotasiyam 6.4, alhali daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Na riga na karanta cewa fotasiyam in ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya, kuma yana daga abin da ke fitowa in tsoka ta narke. Daren nan ban runtsa ba. Na kira mahaifin yaron, muka kai shi asibiti cikin dare, aka yi masa hoton bugun zuciya, aka sake ɗiban jini. Lafiya lau, 4.2. Da Hajiya ta dawo ta ɗauko kwalbar farko ta ɗaga ta a haske, ruwan saman da ya kamata ya zama kalar bambaro ya yi ja-ja. Jajayen ƙwayoyin ne suka fashe wajen ɗiba, su kuwa fotasiyam ɗin da ke cikinsu ya ninka na ruwan jini fiye da sau ashirin. Ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ta mayar da kuɗin gwajin. Amma kuɗin asibiti da tashin hankalin iyali babu mai mayar da su. Bai kamata takarda irin wannan ta fita ba tare da wani ya kalli kwalbar ba. Abin da na fahimta shi ne ingancin wurin nan a wuyan mutum ɗaya yake rataye. In tana nan, ka sami abin da ba kowane babban wuri ke ba ka ba. In ba ta nan, na'ura ce kawai da yara masu koyo. Shawarata ga duk mai zuwa ya tambaya tukuna ko tana ciki.

Abu na biyu da ya ɓata mini rai shi ne sirri. Sakamakon yara goma sha takwas, har da jinotayif ɗin kowa, a saƙo ɗaya aka turo mini ta WhatsApp. Ni na biya, gaskiya ne, amma jinin ba nawa ba ne. A garin nan maganar AS tana shiga maganar aure, kuma da yawansu sun kai shekarun neman aure. Da wayata ta faɗa hannun wani, da labarin ya zaga unguwa. Na goge saƙon bayan na kwafe abin da ya shafi atisaye, na kira kowane yaro shi kaɗai na miƙa masa takardarsa. Aikinsu ne su yi haka, ba nawa ba.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna taruwa. Sau ɗaya sinadarin gwajin CK ya ƙare musu, sai da muka jira kwana tara aka kawo daga Kano, shi kuwa gwajin da ake so a yi cikin kwana biyu da wasa, in ya wuce lokacinsa ya tashi daga aiki. Ba sa auna mayogulobin a jini, tsinken fitsari da madubi ne madogararsu. Wurin jira benci biyu ne ƙarƙashin rumfar kwano, da ƙarfe goma ta yi sai ka ji kamar a bakin tanda kake, ga shi babu ko randar ruwa ga mutanen da ake gaya wa su sha ruwa. Makewayi ɗaya ne ga maza da mata, ƙofarsa babu sakata, kuma a nan ake ba da fitsarin gwaji. Wajen wuta kam sun yi ƙoƙari, firjin da ke ajiye sinadarai a kan sola yake, janareto kuma yana tashi da zarar an ɗauke. Allura sabuwa ake ɓarewa a gabanka kowane lokaci, wannan na sa ido a kansa.

Kuɗi ba sauƙi. Gwajin CK kaɗai ya ninka na maleriya sau huɗu ko biyar, in ka haɗa da na ƙoda da gishirin jini, iyali mai ƙaramin ƙarfi zai ji a jikinsa. Sun yi mana ragi da muka zo da yawa. Tsakani da Allah, ba kowane tsamin jiki ke buƙatar gwaji ba, ita kanta Hajiya ta kori wani yaro da na kai saboda tsoro, ta ce ya je ya huta ya sha fura. Wanda kuma fitsarinsa ya riga ya yi baƙi, ko ya ragu sosai, ko tsoka ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa, kada ya tsaya a kowane ɗakin gwaji, asibiti kai tsaye. Da na san abin da na sani yau, da ranar Litinin ɗin nan can na fara nufa. Waɗanda nake ganin wurin zai amfana su ne masu horar da 'yan ƙwallo, 'yan kokawa da 'yan dambe masu shirin gasa, samarin gidajen ɗaga ƙarfe da ke son kumbura cikin mako biyu, da yaran nan da nake gani suna gudu a titin bayan gari da tsakar rana suna shirin ɗaukar soja ko ɗan sanda. A je ana cikin hutu, a san lambar jikin mutum da jinotayif ɗinsa, a adana takardar.

A filinmu abubuwa sun sauya. Bayan kowane dogon hutu, makon farko rabin aiki muke yi, saboda tsokar da ta ɗanɗani irin wannan wahala kaɗan takan jure ta sosai a karo na gaba, kuma kariyar tana ɗaukar makonni. A bazara mun koma bayan sallar asuba. Duk minti ashirin ana tsayawa shan ruwa, tunda ɗan wasa yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta gumi cikin awa guda a irin zafinmu. Ina ajiye ruwan gishiri da sukari a bokiti, domin Hajiya ta ja kunnena cewa ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana sauke gishirin jini, wato sodiyam, ƙasa da daidai ya jawo wata matsalar. Tsallen kwaɗo a matsayin horon wanda ya makara kuwa na daina shi gaba ɗaya.

Ɗan bayana sai da ya yi mako shida kafin likita ya yarda ya koma cikakken wasa. Ya fara da tafiya, sannan sassarfa, sannan ƙwallo. Lambarsa ta hutu a littafina 310 ce. Mahaifiyarsa ta yafe mini tun muna asibiti, ta ce ƙaddara ce, amma duk ranar da na ga ya dafa cinya sai na tsayar da atisaye na tambaye shi launin fitsarinsa, shi kuma ya daina jin kunyar amsawa.

Na roƙi Hajiya ta sa a ƙara layi a takardar karɓar suna, don tambayar da ta yi mini ranar farko ta zama kowa ana yi masa ko ba ta nan. Zuwana na ƙarshe, kafin mu fara shirin kakar bana, na ga matashin kanta ya rubuta da biro a saman kowace takarda: yaushe ka yi aikin ƙarfi ko atisaye na ƙarshe, kuma wane magani kake sha. Sakamako ma yanzu a ambulan ake ba kowa nasa. Na sake yi musu maganar sakatar makewayi da randar ruwa, sun ce suna jiran mai shagon ya amince.